Dare Talatin, Kowanne da Sunansa

Muna tsaye cikin laka har gwiwa, mun yi layi muna miƙa wa juna duwatsu, sai tsohuwar da ke damana ta karɓi dutse daga hannuna ta ce, "Ɗana, jiya da dare a ina ka ga wata?"

Ko sunana ba ta tambaya ba tukuna. Na ɗaga kai na dubi sama, sannan na ce ban lura ba. Ta gyaɗa kai ta miƙa dutsen gaba, ba ta ƙara cewa uffan ba har aka tashi daga aiki.

Tambayar ta tsaya mini a rai. Ni Bakano ne, kuma a ganina babu mai koya wa Bahaushe duban wata. Tun ina yaro, ranar 29 ga Sha'aban mukan hau soro bayan Magariba mu ƙura wa yamma ido, manya kuma suna gindin rediyo suna jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Amma a motar komawa masauki sai na yi wa kaina lissafi. A shekara sau nawa nake neman wata da idona? Sau biyu, in ya yi yawa uku. Da zarar ya tsaya, an ce gobe azumi ko gobe Sallah, shi ke nan mun sallame shi sai baɗi.

Wannan a watan Satumban 2015 ne. Wata guda kafin nan na sauka Honolulu, a tsibirin O'ahu na Hawai, don karatun kimiyyar ƙasar noma a jami'ar da ke kwarin Manoa. Tsakaninmu da gida awa 11, in na idar da Isha'i, a Kano an riga an karya kumallon washegari. Wani abokin karatu ne ya ja ni aikin gayya na ranar Asabar a He'eia, can bayan duwatsun Ko'olau, a bakin mashigin tekun Kane'ohe. Tafkin kiwon kifi ne na tun kaka da kakanni, shekarunsa tsakanin 600 zuwa 800, faɗinsa eka 88. An yanki wani ɓangare na teku an kewaye shi da ganuwar baƙin dutse mai tsawon fiye da kilomita 2, an cike tsakiyarta da ɓaraguzan murjani, ba siminti ba komai. A jikin ganuwar akwai ƙofofi na sanduna jere kamar asabari, suna ce musu makaha. Ƙananan kifaye su kutsa ta tsakanin sandunan, su ci gansakukar da ke yaɗuwa inda ruwan rafi ya gauraya da na gishiri, su yi ƙiba, fita ta gagare su. Ƙungiyar Paepae o He'eia ce ke gyaran wurin tun 2001, bayan wani baƙon itacen bakin teku mai saiwoyi kamar ƙafafun gizo ya cinye ganuwar ya rusa ta.

Kowa Anti yake ce wa tsohuwar, yadda ake kiran duk wata dattijuwa a can, jikokinta kuma su ce Tutu. Ita ma 'yar gayya ce kamar ni, sai dai ta girma a gefen wannan ruwa. Da na dawo bayan mako biyu na zo da amsata a shirye. Na ce na gan shi. Ta ce a wane gefe, da wane lokaci, ƙahonninsa ina suka fuskanta, kuma ruwan tafkin nan da safen nan ya kai ina a jikin ganuwa? Nan ma na tsaya. Wannan karon ta yi murmushi, ta ce in zauna.

A kan gaɓoɓin yatsunta ta ƙirga mini, irin yadda tsofaffinmu ke jan tasbihi in babu carbi. Su dare suke ƙirgawa, yini yana bin darensa, kamar yadda daren Juma'a a wurinmu yake rigan ranar Juma'a zuwa. Dare 30, kashi uku na goma-goma: goman girma, goman kewayewa, goman ragewa. Na farko Hilo, siririn zare murzajje, shi ne jinjirin watanmu. Sai Hoaka. Sai darare huɗu masu suna Ku, ma'anarsa tsayuwa, a nan ake dasa abin da ake so ya miƙe tsaye. Bayansu huɗu masu suna 'Ole, wato babu. Wannan ɗan tsaikon maƙogwaro na farkon kalmar bai ba ni wuya ba, shi ne dai na cikin sa'a da jama'a, har ta yi mamakin yadda bakina ya kama shi. Daren 11 Huna ne, ɓuya, lokacin da ƙahonnin wata suka shige cikinsa, daren dasa abin da ke ɓoye kansa a ƙasa irin dankali. Mohalu buɗewar fure, Hua 'ya'ya ko ƙwai. Cikar wata a wurinsu ba dare ɗaya ba ce, tana miƙewa daga Hua zuwa Akua, Hoku da Mahealani. Shi kansa Hoku iri biyu ne: in wata ya faɗi kafin fitowar rana sai a ce ya nutse, in rana ta fito ta same shi a sama sai a ce ya maƙale, kamar kwalekwalen da ya hau yashi. Wannan ya kama ni ƙwarai. Mutanen da suka ware suna don bambancin 'yan mintoci da asuba, ai sun daɗe suna tashi suna dubawa.

Ta wuce Kulu, ɗigowa, ta wuce darare uku na La'au da masu magani ke tsinkar ganye, wasu 'Ole uku, Kaloa uku, sannan Kane, Lono, Mauli, ta dire a kan Muku, yankewa, daren da babu wata sam. Ta ce yaran makaranta da waƙa da tafi suke haddace su. Ta kuma ce hadda ba ita ce aikin ba. Aikin sunansa kilo: ka tsaya wuri ɗaya ka yi ta kallo har wurin ya saba da kai.

Teku ne ya fara tabbatar mini da maganarta, kuma a jikina. Wata safiya cikin Oktoba na shiga ruwa a Waikiki, a inda bai wuce ƙugu ba, sai na ji kamar an zuba mini garwashi a damtse. Mai gadin bakin ruwa ya zuba mini ruwan khal, ya nuna mini allon gargaɗi. Wata halitta ce mai jiki kamar ledar da aka cika da ruwa, ba a ganinta sosai, tana jan zaruruwa masu dafi. Da na nuna wa Anti sawun ranar Asabar, sai ta tambayi ranar, ta lanƙwasa yatsu, ta ce, "Kaloa. Ba a shiga ruwan kudu a Kaloa." Kwana 8 zuwa 10 bayan cikar wata waɗannan halittu ke matsowa gaɓar kudancin O'ahu don hayayyafa, wata bayan wata, har hukumomi na sanar da ranakun tun kafin su zo. Ni da kalandar wayata ranar Laraba ce kawai. Ita a wurinta daren yana da hali.

Daga ranar na sayi littafin rubutu mai baƙin bango. Ta ce kowane shafi in raba shi uku, sama, ƙasa, ruwa, in rubuta sunan daren a kai. Makon farko abin da na iya rubutawa bai wuce "akwai gajimare, an yi ruwa" ba. Ta karanta ta ce, "Wane ruwa?" A Hawai ruwan sama sunaye gare shi ɗaruruwa, kowane kwari da nasa. Siririn yayyafin da ke gangarowa Manoa kusan kullum da la'asar, yana jan bakan gizo a baya, Tuahine ne. Na gefen He'eia 'Apuakea. Iskar arewa maso gabas da ke busawa yawancin shekara Moa'e ce, in ta ɗauke ta kudu ta shigo da ɗumi da nauyi sai a ce Kona. Sai na tuna ashe mu ma muna da yayyafi da tsattsafi da mamako da marka, ni ne na bar su a bakin kakata na koma cewa "ruwa" kurum.

Sallar Asuba ta zame mini taga. Bayan cika, wata yakan yi jinkirin fitowa da kimanin minti 50 kowane dare, har ya zamana da Magariba babu shi, sai tsakar dare, sai goshin asuba. Wannan na san shi a littafi tun sakandare. Ganin sa daban. Ina fitowa alwala a dararen Kane da Lono sai in tarar da shi a gabas, siriri, ya sirance har ya lanƙwashe, sai in tuna a cikin Yasin da tsohon reshen dabino aka kwatanta shi. Shekara nawa ina karanta surar, ban taɓa fita na nemi abin da ake nufi ba.

A tsakiyar Nuwamba ta ce in same su a bakin ruwan Waimanalo da yamma. Jama'a sun taru, yara na ta guje-guje a yashi. Rana ta faɗi a bayanmu, muka fuskanci gabas. Da duhu ya fara sauka sai wani ya nuna da hannu, ga wani ɗan cincirindon taurari sun ɗago daga kan ruwa. "Makali'i," in ji Anti. Ban san lokacin da na ce da Hausa, "Kaza da 'ya'yanta!" ba. Su ne dai waɗanda kakata ke nuna mana a tsakar gida da sanyin hunturu. Na fassara mata, ta yi ta maimaitawa tana dariyar jin daɗi. Fitowar waɗannan taurari daidai faɗuwar rana ita ce alamar Makahiki, sabuwar shekararsu, wajen wata huɗu da a zamanin da ake ajiye yaƙi, a kai wa sarakuna gaisuwar amfanin gona, a yi wasanni. Nan na gane inda lissafinmu ya rabu. Watanninmu na Hijira yawo suke, azumi ya zo da zafi, ya zo da damina, ya zo da hunturu, shi ya sa manominmu ba ya shuka da su. Su kuwa sun ɗaure watanninsu a jikin tauraro, kowane wata yana zaune a lokacinsa, ko cikin Kau mai zafi da bushewa, ko cikin Ho'oilo mai ruwa da manyan igiyoyi.

Akwai abin da ya dame ni tun farko, kuma sai da na faɗa mata. Ku, Kane, Lono, da Kanaloa da ke cikin sunan Kaloa, duk sunayen abubuwan bautarsu ne na da. Kafin a shiga tafki akan tsaya a rera kirarin neman izini. Na ce, "Anti, ni Musulmi ne. Zan tsaya tare da ku cikin ladabi, amma bakina ba zai bi ba." Ta dafa kafaɗata ta ce ita ma ranar Lahadi a coci take, kuma ba ta nemi bakina ba, idona ta nema. Tun 1819, bayan rasuwar Sarki Kamehameha na ɗaya, aka rushe tsarin haramce-haramcen tsohon addininsu, 'yan mishan suka iso a 1820. Sunayen dararen suka tsira saboda masunta da manoma ba su daina buƙatar su ba.

Da ƙyar ma suka tsira. A 1893 aka tumɓuke Sarauniya Lili'uokalani, a 1896 doka ta mai da Turanci harshen koyarwa a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Anti ta ce mahaifiyarta ta sha duka a aji don ta yi magana da harshen gidansu, saboda haka ba ta koya wa 'ya'yanta ba. Abin da ya rage a gidan shi ne sunayen kifi, sunayen iska, da sunayen darare, domin kakarta ba ta san yadda za ta ce da Turanci yau ba ranar jefa taru ba ce. Sauran kuma takarda ta riƙe. David Malo, wanda ya rasu a 1853, ya jera dararen a littafinsa na al'adun ƙasar, jaridun harshen Hawai kuma daga 1834 zuwa 1948 sun bar shafuka fiye da 100,000. Sai a 1978 harshen ya zama na hukuma a jihar, a 1984 aka buɗe makarantar yara ta farko ta Punana Leo da ba a magana a cikinta sai da shi. Jikar Anti a irin wannan makaranta ta taso, ita ce take gyara wa kakarta lafazi. Na ga hakan da idona, na ga tsohuwar tana karɓar gyaran da fara'a, idanunta kuma sun cika da ƙwalla.

A matsayina na ɗalibin noma, dararen 'Ole ne suka fi ɗaukar hankalina. Bakwai ne a wata, kuma suna faɗowa daidai lokacin da wata yake rabi. A nan jan wata da jan rana ba sa haɗa ƙarfi, sai tazarar cikar teku da janyewarsa ta ragu. Na yi ta auna wannan a jikin wani dutse kusa da makaha. A dararen cika da na duhu ruwa kan bi ta ƙofar da ƙarfi har sandunan su yi ta kaɗawa, kifi su taru a bakinta suna fuskantar ruwan da ke shigowa, a sa koma a kwashe. A 'Ole ruwan kan yi sanyin jiki. Sai a ce ba ranar kamu ba ce, ba ranar dasa ba ce, a koma cire ciyawa, ɗinkin taru, gyaran ganuwa. Ni a nan na ga hikimar da ta fi girma. Al'ummar da ke kan tsibiri a tsakiyar tekun Pasifik, wadda in kifinta ya ƙare babu maƙwabcin da za ta je wa aro, ta saka hutun kifi a cikin sunan dare, yadda ko yaro ya san yau hannu baya. Haka suke da hutun lokacin ƙwai, kuma dokar jihar ta yau ta bi sawu: ba a kama 'ama'ama daga Disamba zuwa Maris, ba a kama moi daga Yuni zuwa Agusta. Na sha jin sunan Mac Poepoe na Mo'omomi a tsibirin Moloka'i, masuncin da ya shafe shekaru yana duba cikin kifi yana rubuta lokacin ƙwansu har aka fitar da kalandar wata ta yankinsu. Na taɓa tambayar Anti ko in samo ta in yi aiki da ita. Ta ce, "Ta Mo'omomi ce. Kai a ina kake tsaye?"

Shafukan suka yi ta cika. Kohola, manyan dabbobin tekun nan masu feso ruwa ta ka, na gan su daga kan tudun Makapu'u a Janairu. A filin ciyawar gaban masaukina akwai wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, kolea, shi kaɗai, kullum a kusurwa ɗaya. Tare muka iso a Agusta. Cikin Afrilu ƙirjinsa ya rikiɗe ya yi baƙi ƙirin, ya yi ƙiba, wata safiya a ƙarshen watan na fito babu shi. Ya tafi Alaska, kusan kilomita 4,800 a kan ruwa ba sauka, cikin kwana uku zuwa huɗu. Na tuna shamuwa da yadda ganin ta ke sa a fara gyaran gona. An kuma gaya mini cewa da sunan tsuntsun nan ake kiran baƙon da ya zo ya ci ya ƙoshi ya tafi bai bar komai ba. Bayan na ji haka ban ƙara fashin aikin Asabar ba.

Azumin 2016 ya matso. Daga He'eia ba a ganin Hilo, duwatsun Ko'olau sun tare yamma. Ranar Lahadi 5 ga Yuni jikan Anti ya tuƙa mu zuwa gaɓar Wai'anae, muka zauna a bakin Poka'i inda babu komai tsakaninka da faɗuwar rana sai ruwa. Ni azumi nake nema, ita sabon wata take nema, yamma ɗaya muke kallo. Rana ta faɗi bayan ƙarfe bakwai kaɗan. Zara ba ta nan da za ta yi mana jagora, a kwanakin tana bayan rana. Jan sama ya fara dusashewa. Ita ta riga ni. Ba ta yi magana ba, ta kama haɓata da tafin hannunta mai kaushi ta ɗan karkatar da kaina dama. Ga shi, zare ɗaya fari, kwance kaɗan a saman ruwa. Na yi kabbara na karanta addu'ar ganin wata, ta jira har na shafa. Sannan ta ce, "Gobe in ka sha ruwa, kada ka yi nisa. Akwai abin da zan nuna maka."

Washegari a cikin ƙaramin jirgin jikanta na sha ruwa, da dabino uku da poi ɗin da ta kawo, wato gwaza dafaffe da aka kirɓa har ya yi laushi da ɗan tsami-tsami. Na yi Magariba a zaune. Muka tsaya kan wani tudun murjani a tsakiyar mashigin Kane'ohe, aka kashe inji. A kakar 2014 da ta 2015 ruwan nan ya yi zafi fiye da kima, murjani ya kori 'yar gansakukar da ke zaune a jikinsa tana ciyar da shi, ya yi fari fat kamar ƙashi. Na ga na 2015 da idona farkon zuwana. Shi ya sa duk muka yi tsit. Wata ya daɗe da faɗawa bayan Ko'olau, Hokule'a, tauraron da matuƙan jiragensu ke gane gida da shi, yana kusan tsakar kanmu. Yaron ya haska ruwa da tocila mai jan haske. Babu komai. Anti ta ce a jira.

Wajen ƙarfe tara na ga ƙwaya ɗaya ta rabu da jikin murjanin ta taso a hankali, ba ta kai ƙwayar gero ba. Sai ta biyu. Kafin in juya in yi magana ruwan ya cika da su, dubbai, suna tasowa daga ƙasa kamar yayyafin da ya juya yana komawa sama. Kowace ƙwaya ƙunshin ƙwai ce da maniyyi, in ta iso saman ruwa ta fashe ta gauraya da ta wani. Irin wannan murjani a 'yan dararen da ke bin sabon wata kawai yake haka, a watannin zafi, kuma a wannan sa'a. Ƙarni ya tashi, saman ruwa ya yi maiƙo. Anti ta tsoma hannu ta ɗebo, ta dube su a ƙarƙashin jan hasken, ta mai da su a hankali, tana magana ƙasa-ƙasa da harshen kakarta. Ba a yi rabin awa ba abin ya lafa.

Ta ce, "Ɗana, ka zo da littafin?" Na ciro shi daga cikin leda. Yaron ya haska mini, jirgin na ɗan rausaya, na rubuta a kan shafin: Hoaka, daren 2 ga Ramadan 1437. Na raba shi uku, na fara da ruwa. Sannan aka tada inji muka nufi gaɓa, ga Isha'i da Tarawihi suna jirana, ƙarnin kuma yana hannun rigata.